Yadda za ka canza fad ɗin birkin motarka a gida kafin ka sake gangara Hawan Kibo

Duk wanda ya saba bin hanyar Jos zuwa Abuja ya san wurin da hira ke mutuwa a cikin mota. Da zarar an wuce Riyom aka fara gangaren Hawan Kibo, mai danna waya zai ajiye ta, gyatumar da ke kujerar baya ta kama salati, direba kuma ya gyara zama ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Garinmu a kan tudu yake, ya haura mita 1,200 daga matakin teku, don haka duk inda ka dosa, Bauchi ne ko Zariya ko Akwanga, sai ka gangara. Ko a cikin gari ma, tsakanin hawa da sauka da cunkoson Terminus da masu Keke da ke tsayawa ba sallama, ƙafarka ba ta rabuwa da birki.

A wannan gangaren ne wata rana, ina ɗauke da iyali a tsohuwar Corolla tawa ƙirar 2005, na taka birki na ji wani gurnani daga tayar gaba ta dama, kamar ana niƙa dutse. Wata biyar ke nan da aka canza min fad, wato abin da ke dafe faifan da ke bayan taya idan an taka birki, a wani gareji. Giya ta biyu da addu'ar uwargida suka sauke mu. Da na lallaɓo na dawo, na kai motar wurin kawuna, wanda ya yi shekara talatin yana kanikanci a Farin Gada kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ya sa na kwance tayar da hannuna, shi yana kan benci yana nuna min da sanda. Da fad ɗin suka fito ya ɗora su a tafin hannunsa: na waje da kaurinsa kamar jiya aka saka, na ciki kuwa ya cinye har ƙarfe. Sai ya ce in zaro fin, wato ɗan sandan ƙarfen da kalifa, gidan da ke matse fad a jikin faifai, ke zamewa a kansa. Da ƙyar ya fito, busasshe ƙayau, ja-jawur da tsatsa.

"Ka gani ko, ɗana? Wanda ya yi maka aikin nan fad ya canza, bai taɓa birki ba."

Tun ranar nake yin wannan aiki da kaina. Ba kuɗin aikin ba ne damuwata, abin da bakanike ke karɓa a kan canza fad bai taka kara ya karya ba. Yaron gareji motoci huɗu ke jiransa, ogansa na daka masa tsawa, cikin minti ashirin ya zare tsoho ya cusa sabo ya ɗaure taya. Kai kuwa ranar Asabar kana da awa biyu a hannu, kuma iyalinka ne za su shiga motar.

Bayanin nan na birkin gaba ne, mai faifai, wanda kanikawa ke kira dis. Shi ne a gaban kusan kowace ƙaramar mota da ke yawo a garin nan, Corolla ce ko Civic ko Golf ko 406. Lambobin sifanar da zan ambata na motata ne, naka na iya bambanta.

Yaushe ne lokacinsa ya yi

Naman sabon fad, wato ɓangaren da ke gogar faifai, yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12. Idan ya dawo milimita 3, a canza. Mai rim ɗin da ke da manyan ramuka yana iya leƙa fad ɗin waje da fitilar waya, amma ka ji yadda na waje ya yi min ƙarya. Cire taya ka leƙa ta tagar da ke bayan kalifa, nan za ka ga duka biyun.

Yawancin fad na da ɗan harshen ƙarfe da aka yi musamman don ya fara taɓa faifai idan nama ya kusa ƙarewa. Shi ne ke yin wannan siririn kukan "ƙiii" da kake ji. Wannan gargaɗi ne. Idan kuwa ta kai ga gurnani, an riga an makara, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kuma duk taka ɗaya faifanka kake sassaƙawa. Akwai wata alama da ba a cika lura da ita ba: man birki ya sauka kusa da layin ƙasa na jikin robarsa, mai alamar MIN, alhali babu yoyo ko'ina. Yayin da fad ke cinyewa, fistin, ƙarfen da ke tura fad daga cikin kalifa, na ƙara fitowa waje, mai na bin bayansa. Kada ka yi gaggawar cikawa, nan gaba kaɗan za ka ga dalili.

Sayen fad a Dilimi

Kada ka je ka ce "a ba ni fad ɗin Corolla 2005" ka tsaya nan. Corolla ta Amurka da ta Turai, shekara ɗaya, amma fad ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ko dai ka tafi da lambar shasi, ko kuma, abin da ya fi, ka kwance gefe guda tukuna, ka jefa tsohon fad a leda ka hau Keke. Gani ya kori ji.

Da ka ajiye samfur a kan kanta, mai shago zai ce, "Alhaji, wanne za a kawo? Akwai orijina, akwai mai bi masa, akwai na lallaɓawa." Kwali ba hujja ba ne, masu jabu sun fi kowa iya buga kwali mai sheƙi. Ka ce a buɗe. Guda huɗu ne a ciki, biyu na kowace taya. Ɗora sabon a bayan tsohon, ƙarfe da ƙarfe, ka tabbata tsawo ɗaya ne, kunnuwan da ke shiga mazauninsu ma iri ɗaya. Dubi inda nama ya haɗu da ƙarfen baya, kada ka ga tsaga ko wani gefe da ya ɗago. Karce gefen naman da makullin mota kaɗan. Idan yana zubowa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, mayar masa da kayansa. Fad ɗan Beljiyam kuwa, wanda aka ciro daga motar da ba ka san tarihinta ba, ni dai ban yarda da shi ba ko da kyauta ne. Madubi ko fitila ɗan Beljiyam ba laifi. A kan birki, araha ba ta ado.

Kafin ka biya ku yi magana a fili: idan bai shiga ba za ka dawo da shi. Kuma ka riƙe shago ɗaya, mai kaya ba ya son cutar wanda ya san zai sake ganin fuskarsa.

A nan za ka nemi ƙaramin giris na silikon, wanda aka yi don birki, da gwangwanin feshin wanke birki, da ƙaramar kwalbar man birki. Irin man da motarka ke sha a rubuce yake a murfin robar man, DOT 3 ko DOT 4. Giris ɗin nan baƙi ko ruwan ƙasa da ake cusa wa boris bai dace da fin ba, yana kumbura robar da ke kare shi, bayan 'yan watanni fin ya sake ƙagewa. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani ko a wurin waɗanda suka damu su shafa wani abu.

Kayan aiki da wurin aiki

Jak da wil-sifanar da ke but ɗin motarka. Notin tayar Corolla lamba 21 ne, na Golf 17. Sai sifana 14 da 17, sukurudireba mai faɗin baki, buroshin waya, sanfefa mai laushi, guntuwar waya mai ƙarfi ko tsohuwar hanga, sirinji daga kemis, tsummoki masu tsabta, takunkumi, da kilam irin wanda kafinta ke matse katako da shi. Idan ba ka da kilam, ari a wurin kafintan unguwa, rabin yini ne.

Abu mafi muhimmanci a cikin kayan nan shi ne abin da zai riƙe motar bayan ka ɗaga ta. Jak ɗagawa yake yi, ba a yi shi don ya riƙe mota kana cusa hannu da kai a ƙarƙashinta ba. Idan kana da sitan na ƙarfe, madalla. Idan babu, je Katako ka sa a yanka maka gajerun katakai masu kauri da faɗi, waɗanda za su zauna daram a kan juna. Bulon siminti kada ka kusance shi. Ba ya nuna alamar gajiya, lokaci ɗaya yake rugurgujewa.

Wuri kuma ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, daɓen siminti ya fi. Yawancin gidajenmu a Jos ƙofarsu a karkace take, ga duwatsu, da damina kuma ƙasa ta yi laushi jak ya riƙa nutsewa. Idan ƙofar gidanka haka take, roƙi maƙwabci mai daɓe. Ka fara da safe, ba bayan la'asar ba, don idan wani noti ya ƙi, kana da lokacin neman taimako kafin shaguna su rufe. Kuma bari motar ta huce idan yanzu ka dawo da ita, faifai na riƙe zafi fiye da yadda kake zato.

Ɗaga mota

Sa giya a P, ko giya ta ɗaya idan mai kulochi ce. Ja birkin hannu. Saka waigi a gaba da bayan tayoyin baya. Birkin hannu tayoyin baya kawai yake kamawa, kada ka dogara da shi shi kaɗai. Cire makulli ka sa a aljihu, amma idan motarka na kulle sitiyari da an cire shi, sai ka mayar da shi duk lokacin da za ka karya sitiyari.

Tun taya na ƙasa za ka sassauta notuna, rabin juyi kowanne. Idan ka ɗaga tukuna, tayar za ta riƙa juyawa da kai, kuma girgizar na iya ture jak. Idan mai faci ya taɓa hawa kan sifana da ƙafa ya ɗaure maka su, za ka sha wuya. Zura guntun bututun ƙarfe a hannun sifanar ya ƙara mata tsawo.

Leƙa ƙarƙashin ƙofar gaba, dab da bayan taya. Akwai wani tudun ƙarfe siriri da ya bi tsawon motar, da 'yan tsaga biyu a jikinsa. Tsakaninsu ne mazaunin jak. Ɗaga har taya ta rabu da ƙasa da kamar yatsu biyu, tura katako ko sitan ƙarƙashin ƙarfe mai ƙwari kusa da jak ɗin, ka sassauta jak kaɗan har nauyi ya sauka a kansa. Girgiza motar da hannu. Idan ta motsa, sake zama. Sannan ka ƙarasa kwance notuna, ka cire taya ka kwantar da ita ƙarƙashin motar. Idan komai ya ci amana, motar a kan rim za ta faɗa.

Gefe ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan. Idan ka rikice, wancan gefen na nan a haɗe, sai ka leƙa. Amma dole duka biyun za ka canza a rana ɗaya. Sabo a dama, tsoho a hagu, mota za ta riƙa fizga gefe duk lokacin da ka taka.

Buɗe kalifa

Karya sitiyari yadda bayan kalifa zai fuskance ka. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da waya, biyu ko uku, daga sama da gefe. Za ka gode wa kanka.

Sa takunkumi. Baƙar ƙurar da ta lulluɓe wurin ba ta shaƙa ba ce, wasu fad masu araha har yanzu ana samun asbestos a cikinsu, mai lahanta huhu. Kada ka hura da baki. Fesa mata abin wankewa ta gangara ƙasa.

Zura hannu bayan kalifa za ka ji kan notuna. Biyu ƙanana, sama da ƙasa, su ne ke ɗaure kalifa a kan fin. A motata lamba 14 ne. Akwai wasu biyu manya can ciki masu riƙe mazaunin gaba ɗaya, ba ruwanka da su sai idan faifai za ka cire. Akwai kuma wanda ya ɗaure tiyon mai a jikin kalifa. Wannan ko da wasa kada ka kwance shi, mai zai zube, iska ta shiga, aikin awa biyu ya zama na bilidin, wato fitar da iska daga hanyar man birki.

Kwance ƙananan biyun. Idan fin na juyawa tare da noti, riƙe shi da sifana ta biyu. Jawo kalifa. Idan ta ƙi, zura sukurudireba ta tagar nan ka ɗan banƙara a hankali tsakanin tsohon fad da faifai, fistin zai koma kaɗan, ta saki. Da ta fito, rataye ta da waya a jikin sifirin da ke sama. Kada ka bar ta tana lilo a kan tiyo. Tiyon na iya lalacewa ta ciki ba tare da ka ga komai a waje ba. Daga nan har ka mayar da ita, kada kowa ya taka birki. Idan akwai yara a gidan, kulle ƙofofin motar. Taka ɗaya ko biyu ya isa ya tunkuɗo fistin waje gaba ɗaya.

Zame tsofaffin fad daga mazauninsu, ka lura da wanda ke ciki da wanda ke waje, da inda ɗan harshen nan mai kuka yake.

Kada ka jefar da su tukuna, su za su gaya maka halin da birkinka ke ciki. Idan biyun sun cinye daidai, lafiya lau. Idan ɗaya ya fi ɗaya cinyewa sosai, ko kuma fad ɗaya ya cinye a karkace, kai siriri gindi mai kauri, fara zargin fin. Idan na taya ɗaya sun ƙare na ɗayar suna nan, wata kalifar na riƙewa ko ba ta kamawa, kuma sau da yawa fistin ne.

Shafa yatsa a kan faifai daga tsakiya zuwa baki. 'Yan layuka marasa zurfi ba komai. Rami mai kama farce, ko tsaga, ko shuɗin ƙonewa, ko tudu mai kauri a bakin faifan, ko kuma dama sitiyari na rawa idan ka taka birki a guje, duk suna nufin faifan ma na son kulawa. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a buge yake a jikinsa, bayan haruffan MIN TH. Idan ya kai nan, ba a gyara shi, canzawa ake, shi ma biyu-biyu.

Fin, wurin da ake tsallakewa

Kalifar ƙananan motoci fistin ɗaya gare ta, a gefen ciki. Idan ka taka birki, fistin ya tura fad ɗin ciki ya dafe faifai, sai ita kalifar gaba ɗayanta ta zame a kan fin biyu ta jawo fad ɗin waje ya dafe ta ɗaya gefen. Idan fin ya ƙage, wannan zamewar ba za ta yiwu ba. Fad ɗaya ke ɗaukar aikin biyu, ya yi zafi, ya ƙare da wuri, birki kuma ya ragu ba ka sani ba, sai ranar da ka buƙace shi duka. Ƙurar rani da ruwan daminar Jos su ne ke shiga ta yagaggiyar roba su haɗa wannan tsatsar.

Zaro fin ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su, don a motoci da yawa ba iri ɗaya ba ne, ɗaya na da 'yar roba a bakinsa, kuma kowanne da raminsa. Lafiyayyen fin da yatsu biyu yake fitowa. Idan ya ƙi, kama kansa da sifana ka riƙa juya shi dama da hagu kana ja, da haƙuri. Goge tsohon giris tas. Tsatsa kaɗan sanfefa mai laushi za ta ɗauke ta. Idan ta ci ramuka a jikinsa, sayi sabo. Naɗa tsumma a bakin sukurudireba ka share cikin ramin ma. Miƙar da robar nan mai kama da zuga-zugi ka duba ta a haske. Ko ƙaramar huda ce, canza ta, ba ta da tsada, kuma ita ce ƙofar ɓarawo.

Shafa giris ɗin silikon siriri a jikin fin, kada ka cika ramin. Idan ya yi yawa, iska da giris za su taru a ƙarshen ramin su hana fin shiga sosai. Mayar, ka tabbata bakin robar ya hau mazauninsa ta kowane gefe, ka tura ka ja sau da yawa. Ya riƙa tafiya sumul.

Sai mazaunin kunnuwan fad. Akwai 'yan kilif na ƙarfe siriri a wurin. Ɓalle su, kankare tsatsar da ke ƙarƙashinsu da buroshin waya har ƙarfe ya fito, ka goge su ka mayar, ko ka sa sababbi idan sun zo a kwali. Gwada sabon fad a wurin. Da hannu zai shiga, ya kuma zame gaba da baya. Idan sai da guduma zai shiga, ko dai tsatsa ta rage, ko fentin kunnen ya yi kauri ka ɗan goge shi, ko kuma fad ɗin ba na motarka ba ne.

Mayar da fistin

Sabon fad ya fi tsoho kauri, don haka sai fistin ya koma gida kafin kalifa ta hau. Buɗe bonet, goge kewayen murfin robar man birki, ka sassauta shi. Duk abin da ka tura a ƙasa, mai sama zai hau. Idan wani ya taɓa cika maka lokacin da fad ya cinye, yanzu zai yi ambaliya, kuma man birki na cin fenti. Zuƙe kaɗan da sirinji, ka kewaye robar da tsumma. Idan ya ɗiga a jikin mota, wanke da ruwa nan take.

Dubi robar da ta kewaye fistin. Idan ta yage, ko ka ga danshin mai a wurin, aikin ya wuce na gida. Haɗa komai ka nemi bakanike ya zo ya same ka, kada ka tuƙa.

Idan lafiya take, goge kewayenta, ɗora tsohon fad a fuskar fistin, kafa kilam, ka riƙa murɗawa sannu a hankali. Juyi kaɗan, ka dakata, ka leƙa mai a sama. Gaggawa a nan na tura dattin da ya kwanta a ƙasa ya koma da ƙarfi cikin na'urar ABS, mai hana taya ƙagewa idan an taka birki. Lafiyayyen fistin yana komawa da nauyi daidai har ya shafe da jikin kalifa. Idan ka matsa iya ƙarfinka ya ƙi motsi, ya ƙage, shi ma na bakanike ne.

Wannan dabarar ta gaba ce kawai. Birkin baya a Corolla irin tawa duram ne, wani aiki daban. Motocin da ke da faifai a baya kuma, da yawansu fistin ɗin murɗa shi ake yana shiga saboda birkin hannu da ke cikinsa. Ka matse shi da kilam, ka lalata shi.

Haɗawa

Idan tsofaffin fad na da siraran faranti a bayansu, sababbin kuma ba su zo da nasu ba, goge su ka mayar. Su ne ke rage ƙara. Ɗan shafa giris kaɗan a kunnuwan fad, kamar ƙwayar gero. Naman fad da fuskar faifai kuwa ko yatsa mai maiƙo kada ya taɓa su. Idan ya taɓa, fesa ka goge. Fetur da wasu ke wanke birki da shi yana lalata roba, bar shi a tanki.

Duba hotonka, saka na ciki a ciki, na waje a waje, nama na fuskantar faifai. Kada ka yi dariya, an sha sakawa a juye. Sauko da kalifa ka tabbata tiyo bai murɗe ba. Fara ɗaura notunan da yatsu har su shiga sosai, sannan sifana. A Corolla irin tawa awon ɗaurinsu Nm 34 ne, na taya kuma Nm 103. Idan ba ka da sifana mai awo, na kalifa ƙarfin hannu ɗaya da gajeriyar sifana ya isa, ba a sa musu bututu. Mayar da taya, ɗaura notuna da hannu, sauke motar, sannan ka ƙarasa ɗaurewa a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba. Koma ɗaya gefen ka maimaita.

Kafin ka tayar da mota

Ranar da na fara yin aikin nan ni kaɗai a gidanmu na Rikkos, na gama, na wanke hannu da omo, ina jin kaina kamar injiniya. Na shiga na tayar, na sa ribas, motar ta fara silalewa wajen get. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Kafin in tuna da birkin hannu, na riga na tura duron ruwan uwargida ya kife, tsakar gida ta zama tafki. 'Yata ƙarama na tsaye a bakin ƙofa da kofin koko a hannu, ta ce, "Baba, gyarawa ka yi ko ɓatawa?"

Fistin da ka mayar gida yana nesa da fad. Takun farko da na biyu da na uku cike wannan tazarar kawai suke yi, ba sa kama komai. Saboda haka, mota a kashe, waigi na nan, ka riƙa taka birki rabi-rabi, kada ka kai shi ƙasa, don a tsohuwar mota kai feda har ƙasa na iya yaga robobin masta, wato famfon da ke tura man birki. Ci gaba har ya yi tauri. Duba mai ya tsaya tsakanin MIN da MAX, ka ƙara idan ya gaza, daga sabuwar kwalba, ka rufe murfi. Man birki na shan danshin iska, kwalbar da ta shekara a buɗe ba ta da amfani. DOT 3 sabo sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 140, kuma a doguwar gangara ake gane bambancin. Idan naka ya yi baƙi kamar shayin da ba madara, ko ya haura shekara biyu, sa a canza shi gaba ɗaya.

Yanzu tayar da injin ƙafarka na kan birki. Feda zai ɗan sauka kaɗan ya tsaya, haka ya kamata. Riƙe shi rabin minti. Idan yana ci gaba da nutsewa, ko yana da laushi kamar soso, motar ba ta fita.

Idan ya tsaya daram, cire waigi, gwada a tsakar gida, sannan a layinku da tafiyar ƙafa. Daga nan nemi hanya mai sauƙin motoci, ni hanyar Lamingo nake bi da sassafe. Kai gudun kilomita 50, taka birki da matsakaicin ƙarfi har ka dawo kamar 10, kada ka tsaya cak, sake hawa. Yi haka sau takwas zuwa goma kana duba madubi, sannan ka yi tafiyar 'yan mintuna ba tare da birki ba don ya huce. Haka fad ke sabawa da fuskar faifai. Ɗan wari kaɗan ba abin tsoro ba ne. Da ka tsaya, kara bayan hannunka kusa da kowace tayar gaba ba tare da ka taɓa faifai ba; idan ɗaya ta fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, wannan gefen na riƙewa, sake buɗewa.

Kilomita 200 zuwa 300 na farko ka bi shi a hankali, kada ka canza fad yau gobe ka ɗauki hanyar Abuja da mota cike. Bayan kwana biyu sake bin notunan taya da sifana. Ranar da ka isa Hawan Kibo kuma, sauke giya zuwa 2 ko L tun daga sama, injin ya riƙe motar, birki ka riƙa taka shi kana saki.

Tsofaffin fad ɗin zuba su a kwalin sababbin, rubuta kwanan wata da lambar kilomitar motar a jikin kwalin, ka jefa a but kusa da jak. Ranar da za ka koma Dilimi, su za ka ajiye wa mai shago a kan kanta.